Garin da Aka Haife Ni Yana Ƙarƙashin Tafkin Kainji

Assalamu alaikum. Duk takardar da aka ba ni in cike, idan na zo layin wurin haihuwa sai in rubuta Bussa, Jihar Neja, ma'aikaci ya karɓa ya buga hatimi. Ba ƙarya na yi masa ba, sai dai Bussar da yake nufi daban, wadda nake nufi daban. Tasa tana nan da kwalta da tashar mota. Tawa tana ƙarƙashin ruwa tun 1968, kuma lokacin da aka haife ni a cikinta ba a ma ƙirƙiro Jihar Neja ba. Na daɗe ina son rubuta wannan labari saboda jikokinmu, da kuma duk wanda wata rana za a zo a ce ya kwashe kayansa, ana bukatar ƙasar garinsu don wani babban aiki.

Tsohuwar Bussa ƙaramin gari ce, sunanta ya fi ta girma. Tana gaɓar yamma ta Kogin Kwara, wanda a takarda ake kira Neja, kudu da Yawuri. A daidai wajenmu kogin ba hanya ɗaya yake bi ba. Tsibirai da duwatsu sun raba shi hannu-hannu, idan ka gangara ƙasan gari kuma sai ya matse tsakanin duwatsu yana gudu yana kumfa. Arewa da mu akwai Foge, tsibiri mai faɗi sosai. Gungawa suna kan tsibirai suna noman albasa da ban ruwa, Kambari suna tudu da dawarsu, Sarkawa suna su, Bussawa su ne masu gari da sarauta. Mu Hausawan zango baƙi ne da suka daɗe har aka daina tambayarsu yaushe za su tafi.

Abin da ya riƙe rayuwar yankin shi ne Kwara tana cika sau biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga wajen Agusta, ruwan saman ƙasashen kusa ne da ya kwaso laka. Baƙin ruwa kuwa sai sanyi ya shiga, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Ina yaro na ɗauka abin al'ajabi ne kawai. Sai da na girma na san ruwan saman da aka yi ne a duwatsun ƙasar Gini, ya bi ta Mali ya bazu a manyan fadamun da ke gabanin Tumbutu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso mana garau. Baba bai san Gini ba, amma ya san ranar da zai ja jirginsa sama, ya san gaɓar da za ta fito da danshi a yi shuka, ya san dutsen da zai nutse ya zama tarko. Wannan ne iliminsa, da shi yake fito da mutane, da shi yake su, da shi ya ciyar da mu.

Kakana na wajen uba bafatake ne. Yana cikin ayarin da ke tasowa daga ƙasar Kano da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, kuma ayarin nan sai ya haye Kwara a ƙasar Borgu, wato ƙasar da Bussa take ciki. A wata tafiya ciwo ya kwantar da shi a zango, ayari ya wuce, da ya warke sai ya yi aure ya zauna. Iyakar asalinmu ke nan. Masu doguwar salsala su ne Bussawa. Suna cewa daga Kisra suka fito, wanda ya taso daga gabas, zuriyarsa suka kafa Bussa da Nikki da Illo, kuma suna alfahari da cewa jihadin da ya ci ƙasashen Hausa bai ci Borgu ba. Turawa ne suka raba ta. A 1898 Ingila da Faransa suka ja layi a tsakaninsu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, yau tana Jamhuriyar Benin, Bussa ta faɗa hannun Ingila. A 1915 Turawan suka tuɓe Sarki Kitoro Gani suka sa Bussa ƙarƙashin Yawuri, gari ya yi bore, wani ɗan sarki mai suna Sabukki ya ja gaba. Na taso na tarar da tsofaffin da suka ga abin da idonsu, kuma har a lokacin idan za su ba da labarin sai sun sassauta murya.

A makaranta kuwa abu ɗaya aka san garinmu da shi. A nan ruwa ya ci Mungo Park, Baturen da ya zo binciken Kogin Kwara, a 1806, daga nan kuma Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a 1830 har suka ga inda ya faɗa teku. Ranar da na kawo wa Baba wannan karatu yana gyaran taru, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Da ya tsaya ya gai da masu gari, da an nuna masa hannun da ake bi."

Inna ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, ina ɗan firamare. Daga nan riƙonmu ni da Yayana ya koma hannun Kaka, mahaifiyar Baba. Kaka makauniya ce. A garuruwan bakin ruwa mai gudu wannan ba baƙon abu ba ne, akwai wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a jikin duwatsun da ruwa ke duka, cizonsa ya sa ƙaiƙayi, shekaru su tura, ido ya tafi. Amma wanda bai sani ba ba zai ce ba ta gani ba, don ƙafarta ta haddace garin. Ta san inda ƙasa ke sauyawa daga tauri zuwa yashi, alamar an kusa bakin ruwa. Ta san saiwar tsamiyar da masu ido ke tuntuɓe da ita, tana ɗaga ƙafa tun kafin ta kai. Ita kaɗai take zuwa barka da gaisuwar mutuwa. Idan na ce zan ja mata sanda sai ta ce, "Kai maigida, tafi wasanka, ni na girmi hanyar nan."

A 1964 aka fara aikin madatsar ruwa a tsibirin Kainji, kudu da mu. Ba a jima ba sai ga ma'aikata da na'urar awo mai ƙafa uku, suna shiga gida-gida suna ƙidaya ɗakuna da rumbuna, su shafa lamba da fenti a jikin zaure. An yi bayani, an sake yi, amma manya da yawa ba su gaskata ba. Cewa suke Kwara ta san iyakarta, tun kaka da kakanni ba ta taɓa hawowa cikin gari ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, wasu suka ce to shi ke nan, aiki zai tsaya. Bai tsaya ba.

A 1968 motocin ɗaukar kaya suka jeru. Mutum kusan 44,000 aka tayar a duk faɗin wurin da ruwa zai ci, daga ƙasar Borgu har ƙasar Yawuri. Abin da ya shiga mota ya shiga: tukwane, turmi, tabarmi, kaji a akurki, har ƙyauren ƙofa Baba ya ɓalle. Da asubar ranar ya kai ni da Yaya maƙabarta. Muna tsaye Yaya ya ce, "Baba, Inna fa?" Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ƙasa da ruwa duk na Allah ne. Ku yi mata addu'a." Daga wannan rana bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, mu ma ba mu sake ba.

A watan Agustan shekarar aka toshe kogin, farin ruwa ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, cikin watanni kaɗan tafki ya cika. Tsawonsa ya kai kilomita 130 da ɗoriya, faɗin ƙasar da ya shafe ya haura murabba'in kilomita 1,200. Foge ya nutse, duwatsun da suka ci Mungo Park suka nutse, garinmu ya nutse. A farkon 1969 Janar Yakubu Gowon ya zo ya buɗe madatsar.

Sabuwar Bussa tana kimanin kilomita 40 kudu da tsohuwar, a kan tudu, ba a bakin ruwa ba. Ba zan ci amanar gaskiya ba, an gina mana gidaje na bulo da siminti, gida a madadin gida, an yanka tituna, ga makaranta, ga asibiti. Ƙudan nan mai makantarwa ma ya ragu a wuraren da tafki ya binne ruwa mai gudu. Mu yara murna muka yi da farko, muna ta tsere a kan titi. Sai dai wanda ya zana gidajen ɗaki ya ƙidaya, bai ƙidaya abin da mai ɗakin yake ci da shi ba. Rufin wani irin kwano ne na siminti mai lanƙwasa, da rana ɗaki ya ɗauki zafi, da sanyi ya yi sanyi, ba irin ginin ƙasa da jinka da jikin tsofaffi ya saba da shi ba. Gidajen kuma kamar an tsaga kara.

Kaka ce ta fara biyan kuɗin wannan. Asubar farko ta fito alwala, ta juya dama yadda ta saba juyawa shekara da shekaru, goshinta ya daki bango. Ta yi dariya, muka yi dariya. Ta sa hannu tana shafa bangon tana neman wata alama, tsaga ko tudu ko gurbin da hannu ya lotsa, ba ta samu ba, siminti ne sumul daga farko har ƙarshe. Wata rana ta ce za ta je gai da wata ƙawarta da aka ce an sauke su a bayan layinmu. Har la'asar ba ta dawo ba. Muka same ta zaune a tsakar gidan wasu mutane da ba ta sani ba, ta shiga tana zaton namu ne, kunya ta hana ta tambaya. A hanyar dawowa ba ta yi magana ba. Washegari da safe na ji ta daga ɗaki tana cewa, "Maigida, zo ka ja ni." Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini nauyi irin wannan ba, ga shi a lokacin ban isa in san dalili ba. Daga baya ko jan ma ta daina nema, ta zauna a ɗaki. Ba ta yi wani ciwon kirki ba, ta dai yi ta ƙanƙancewa har rai ya yi halinsa.

Baba kuma an ba shi gona a tudu, ƙasar da bai san halinta ba, shi da ya saba shuka a danshin da kogi ya bari. Ya gwada, abin bai yi ba. Sai labari ya zo cewa kifi ya yi yawa a tafki, don ciyawa da gonakin da ruwa ya shanye sun zame masa abinci. Masunta suka yi ta kwararowa daga nesa suna kafa tunga a gaɓa. Baba ya cire mu daga makaranta muka koma wata tunga. Shekarun farko an sami kifi ƙwarai, har muka fara cewa faɗuwa ta zo daidai da zama. A nan na kamu da tsargiya, kamar yawancin yaran tunga, don ruwan da ba ya gudu shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ita. Ba mu ma ɗauke ta ciwo ba.

Amma tafki ba kogi ba ne. Duk abin da Baba ya sani game da ruwa, na ruwa mai tafiya ne, mai gaɓa kusa, mai duwatsun da aka san sunayensu. Wannan kuwa shimfiɗe yake, wani wurin ba ka hango ɗaya gaɓar, idan iska ta taso sai ya yi igiyoyin da ƙaramin jirgin katako bai san da su ba. A ƙarƙashinsa kuma ga itatuwan da ba a sare ba, tsaye, suna yaga taru, suna jiran cikin jirgi. Wata rana a farkon damina Yaya ya fita ɗaga taru shi da wani yaro. Hadari ya haɗo daga gabas, kan ka ce kwabo iska ta sauko. Yaron ya tsira, ya kama reshen wani busasshen itace har aka je aka ɗauko shi. Yaya sai bayan kwanaki aka same shi. Shi ne wanda ya fi kowa iya ruwa a cikin sa'o'insa.

Baba ya sayar da jirgin. Bai sake sa ƙafa a ruwa ba, ya koma saƙa wa wasu taru a gindin bukka. Ni kuwa zuciyata ta cika da wani abu da ban san wa zan kai wa ƙararsa ba. Ba mutum ɗaya ba ne ya yi mana, balle in tsane shi. Sai na tsani ruwan. Idan na zo wucewa ta gaɓa sai in kau da kai. Kifin ma ya fara ja baya, masunta sun yi yawa, abincin da ya samu a farko ya ƙare. Na daɗe ina juya maganar tafiya a raina, ina tsoron barin tsoho shi kaɗai da ƙanwarsa da ke dafa masa. Daren da na gaya masa, na shirya jin faɗa. Sai ya ce, "Je ka. Nan ɗin ma ba gida ba ne, balle in ce ka bar gida."

Na tafi Kaduna na sami aiki a wata masaƙa, na fara da shara, na ƙare a gyaran inji. A can na yi aure, a can aka haifi 'ya'yana. Injinan da nake gyarawa da wutar lantarki suke aiki, kuma na san daga inda kaso mai yawa na wutar yake fitowa. Idan aka ɗauke ta abokan aiki su ce ai ruwan Kainji ne ya ja baya, su yi tsaki, ni dai in yi shiru. Wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce wajen Yawuri, don kada zance ya yi tsawo. Lokacin sallah kowa ya ɗaure kaya ya tafi gida, ni in karɓi aikin wasu. Zuwana Borgu bai wuce na dubiya ba, sai kuma na jana'izar Baba.

A farkon shekarun 2000 masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, tamu ma ta bi sahu, haƙƙinmu ya maƙale. Abokaina kowa ya koma garinsu, ga gonar gado tana jiransa. Maiɗakina ta ce, "Malam, mu ina za mu?" Na rasa amsa. Na kai wata ina kwana ina tashi da tambayar nan. Abin da nake da shi a duniya shi ne gidan nan mai lamba da aka ba Baba, wanda na yi shekara talatin ina ƙin kiransa gida. Talauci ne ya yanke hukunci, muka tattara muka koma Sabuwar Bussa, wadda tun 1991 aka cire ta daga Jihar Kwara aka haɗa da Jihar Neja.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Itatuwan da aka dasa muna yara sun yi inuwa. Mutane sun ƙara ɗakuna, sun sauya rufi, sun ja katanga, kowane gida ya yi kamannin mai shi. Waɗanda aka haifa bayan tashi sun zama magidanta, kuma su nan ne garinsu, suna son sa, suna faɗa a kansa. Fushin da na ɗauko tun daga tunga babu wanda zai taya ni riƙonsa. Da farko abin ya ɓata mini rai, daga baya na ga sauƙi ne Allah Ya kawo mini.

Sana'ar gyaran inji ita ta mayar da ni bakin tafki, don jiragen yanzu da inji suke tafiya, masu noman rani a gaɓar da ruwa ke janyewa kuma suna da injin ban ruwa. Wata rana bayan na gyara wa wani saurayi injinsa na ce ya kai ni inda tsohon gari yake. Rabona da shiga jirgi tun rasuwar Yaya. Muka yi tafiya mai nisa, ya kashe inji ya ce, "Baba, ana dai cewa nan ne." Na duba gabas na duba yamma, ruwa ne kawai. Na zaci zan yi kuka, ban yi ba, ban ma ji komai ba. Na yi wa Inna addu'a, na ce mu juya kafin iska ta taso.

Abin da ya girgiza ni shi ne hatsarin jirgin da aka yi kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci mutane masu yawan gaske, akasarinsu talakawa masu neman abinci. Na kwana biyu ban iya cin abinci ba. Fiye da shekara hamsin bayan cikar tafkin, har yanzu ana lodin da ya wuce kima, ana tafiya ba rigar kariya, kututturan nan kuma suna nan a ƙasa. Akwai ƙauyukan bakin tafki da har yau ba su ga wutar da aka tashe su dominta ba. A ganina wanda ya ba da garinsa don ƙasa ta sami haske bai kamata ya roƙi fitila ba.

Bayan wannan ne na lura cewa mu da muka san tsohon gari da ƙafarmu muna ƙarewa. Na sayi babban kwali na fara zana shi. Ina bin tsofaffi gida-gida ina tambaya: ina fada take, ina masallacin Juma'a, ta ina ake gangarawa inda jirage ke tsayawa, gidan wa ke bin gidan wa a zango, wace gona ce ta wa a gaɓa. Da mun yi wannan a 1967, da yini biyu ya ishe mu, ga Kaka a raye, ita kaɗai ta isa ta ba da rabin garin. Don haka duk wanda aka zo tayar da garinsu, kafin motoci su iso ya sa yara su rubuta unguwanni da gonaki da maƙabarta, su ɗauki hoto. Idan an zauna maganar diyya kuma, kada a tsaya kan yawan ɗakuna. A tambayi nisan sabon wuri da abin da mutane ke ci da shi, a tambayi irin ƙasar noman, a tambayi yadda tsofaffi da makafi za su yi.

Zanen bai kammala ba. Akwai dattawa biyu da suka saɓa a kan inda kasuwa take, ɗaya ya ce kudu da fada, ɗaya ya rantse arewa, har suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Na sa duka biyun da fensir. Jikata ta ce idan ta dawo hutu za ta shigar da shi kwamfuta a buga wa makarantu. Kafin nan an ba ni labarin wata tsohuwa a Wawa da aka haifa a unguwar masu jirgi, an ce hankalinta da sauransa, ita nake shirin zuwa gani ranar kasuwa mai zuwa in Allah Ya kai mu.